Daga Kwangila zuwa bakin teku, saboda jan jatan lande

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a Tudun Wadan Zariya. Duk shekara in muka iso darasin dabbobi masu ɓawo da gaɓoɓi, abu ɗaya nake yi: in biya kasuwar Sabon Gari in sayo busasshen kurafish ɗan ƙulli guda, in zube a kan takarda in ce wa yara, "Ga jatan lande." Su leƙa, su toshe hanci, wani ya faki idona ya jefa ɗaya a baki. Ni kaina mai koyarwar ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne Galma in ta cika ta batse da damina.

Ana cikin haka wani abokina da muka yi karatu tare a Samaru, ɗan Ƙofar Doka, wanda aiki ya kai shi wani ɗakin binciken halittun teku a Legas, ya turo mini hoto ta WhatsApp. Wani abu ne ja wur a kan farin faranti, an ajiye rula a gefensa. Na rubuta masa, "Wa ya dafa maka wannan?" Sai ya aiko da saƙon murya yana dariya har da tari. Wai ɗanye ne, haka Allah ya yi shi, kuma daga zurfin da ya haura mita 600 aka jawo shi. Ya ce suna da wasu a firiza, in ina son in ga launin da idona in zo kafin a zuba su a sinadari. Ya ƙara da cewa in taho masa da ƙullin kurafish ɗin nan nawa na Sabon Gari. Na ɗauka zolaya ce.

Da na je sallama cikin gari, Inna ta daɗe tana dubana. "Yanzu kai Ikko za ka, ba biki ba suna, sai don ƙwaro?" Na ce, "Inna, karatu ne." Ta ce ai karatun naku ba ya ƙarewa. Duk da haka ta ɗaure mini dambun nama, ta haɗa kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya ta ce in kai wa Kawu a Agege, in kuma gaya masa tana nan tana jiran goron da ya yi alkawari tun sallar bara.

Hutun ƙarshen zangon farko ne, hunturu ya kankama. Bayan asuba na isa Kwangila cikin rigar sanyi biyu, na biya naira 38,000 kuɗin kujera, da 1,000 na buhun Inna. An ce mana ƙarfe shida za a tashi, ba mu ɗaga ba sai bakwai da rabi, saboda wani mai buhunan citta da suka yi ta ja-in-ja da yaran tasha. Direban, wani dattijo mai jan rawani a wuya, ya faɗa mana tun daga farko cewa ba zai bi ta Birnin Gwari ba ko da ita ce gajeriyar hanya, ta Lokoja za mu zaga. Babu wanda ya musa. Jaji, Kawo, muka ratsa Kaduna. Daga nan zuwa Zuba motar ta yi tsit, kowa da carbinsa, sai wata tsohuwa a bayana da take ta "Hasbunallahu" a ƙasan maƙoshi har muka ga dutsen Zuma.

Abin da na fara lura da shi bayan Zuba shi ne gangara muke ta yi. Na tuɓe rigar sanyi ta farko a Gwagwalada, ta biyu kafin Koton Karfe. Da muka hau gadar Murtala, na ga Kwara shimfiɗe, kwale-kwale sun zama kamar ɓawon gyaɗa, sai na ji kunyar Galmata. A Lokoja muka tsaya sallar azahar da la'asar, na ci shinkafa da kan tarwaɗa naira 3,000, barkonon ya sa ni hawaye. Daga Okene zuwa Akure ba abin faɗa sai ramuka da shingaye. Na fara ƙirga shingayen, na kai ashirin da wani abu na bari. A kowanne direba ya sauke gilashi, hannu ya fita a dunƙule ya dawo a buɗe. Ƙarfe ɗaya na dare ya shiga wani gidan mai kafin Badun ya kashe mota, ya ce shi ba ya shiga Ikko da duhu. Na shimfiɗa darduma a barandar masallacin wurin, sauro suka yi walima.

Kawu ya fi shekara talatin a Agege yana harkar goro. Na same shi a rumfarsa tsakanin kwanduna da ganyen da ake rufe goro da shi, na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi Inna, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka rasu bai ji ba, sannan ya buɗe ƙullin daddawa ya sansana ya rufe ido. A ɗakin samarin gidansa na sauka. 'Ya'yansa Hausarsu garau, amma in gardama ta yi zafi sai su juye Yarbanci. Zafin Legas wani iri ne, ba irin namu na bazara mai ƙona fata ba. Iskar ce da ruwa a cikinta, kana fitowa daga wanka kana jiƙewa. Amfaninsa ɗaya da na gani: kaushin ƙafata da fashewar leɓe da na taho da su daga Zariya, kwana biyu suka ɓace ba man kaɗe.

Washegari abokina ya zo ya ɗauke ni. Muna kan doguwar gadar nan ta uku, wadda ta kusa kilomita 12, na ga ruwa hagu da dama, ga gidajen Makoko a kan turaku hayaƙi yana tashi, sai na ce, "Allahu Akbar, teku!" Ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, wannan tafki ne, tekun yana gaba." Ya kuwa yi gaskiya. Da ya tsayar da ni a bakin na ainihin, ban ce komai ba. Ƙarar ce ta fara kama ni, kamar jirgin ƙasa da ba ya gama wucewa. Na ɗebi ruwan a tafin hannu na ɗanɗana, na tofar, wasu yara suka yi mini dariya. Ya nuna mini inda ruwa ya haɗe da sama ya ce ƙasan teku ba faranti ba ne. Daga gaɓa yana gangarawa a hankali har wajen zurfin mita 200, daga nan sai ya sulale kamar gefen dutsen Kufena. A kan wannan gangare mai laka abin da na zo gani yake zaune. Sannan ya faɗi wata magana da ta zauna mini: Zariya tana sama da mita 600 a bisa fuskar teku, shi kuwa wannan jatan lande yana kusan haka a ƙarƙashinta. Duk gangarar da na sha daga Kwangila zuwa nan, sai an sake yin irinta cikin ruwa kafin a isa gidansa.

Ɗakin binciken sanyi ƙalau, warin kifi da na sinadari sun gauraye. Ya sa safar hannu, ya ciro leda daga firiza, ya bar ta ta saki a cikin ruwa, sannan ya jera guda uku a faranti. Hoto bai faɗi gaskiya ba. Jan ya fi na tattasai, ya fi na jar dara, kuma ko'ina ne: kai, ƙafafu, jela, har gashin bakin da ya fi jikin tsawo, wanda sai da ya naɗe shi sau biyu kafin ya shiga farantin. Babbar cikinsu ta wuce taki guda na hannuna. Idanun manya, baƙaƙe, a kan 'yan sanduna. Na kai yatsa na taɓa ɓawon, na ji bai kai na ƙaguwa tauri ba.

Sunansa *Aristaeopsis edwardsiana*. Mutanen Sifen suna kiransa karabinero, kuma yana cikin abincin teku mafi tsada a kasuwanninsu. Macen tana iya haura santimita 30, namijin bai kai ta ba ko kusa. Danginsu shi ne *Aristeidae*, sunan da wani masani ɗan Ingila, James Wood-Mason, ya raɗa a 1891 lokacin yana aiki a gidan adana kayan tarihi na Kalkata a Indiya. Ƙaramin dangi ne, zuriya tara kacal, kuma kusan dukkansu mazauna zurfi ne. A kan kanta akwai wata tsohuwar kwalba da aka rubuta wa *Plesiopenaeus edwardsianus*. Na ce wannan kuma wane ne? Ya ce shi ɗin ne dai, tsohon sunansa ke nan kafin masana su sake duba siffofinsa su mayar da shi wata zuriyar. Ashe su ma ana sauya musu gida. Ya ciro mini wani ɗan'uwansa, *Aristeus varidens*, wanda bai kai shi ja ba, ratsi-ratsi ne, kuma ya fi shi ƙanƙanta. Wani masani ɗan Holan, Lipke Holthuis, shi ya bayyana shi a 1952, kuma jiragen kamun kifi masu jan koma suna ɗibarsa da yawa a gaɓar Afirka ta Yamma har zuwa Angola.

Na ce to, ni dai duk jatan lande nake gani, babba da ƙarami. Ya ce, "Kai fa Bazazzage ne. In aka ce maka wane ɗan sarauta ne, ya ishe ka? Ba sai ka tambaya Bamalle ne ko Babarbare, Bakatsine ko Basulluɓe ba? Kawo kurafish ɗinka."

Ya jiƙa 'yan ƙwayoyi a ruwan ɗumi har suka yi laushi, ya zaɓi wanda bai karye ba ya ajiye kusa da jan. Abin dariya, wannan ɗan taliki daga bakin teku aka kamo shi, aka busar, aka kai shi Zariya a buhu, ni kuma na biya kuɗin mota na dawo da shi. Ya ce yawancin abin da muke kira kurafish a kasuwa *Nematopalaemon hastatus* ne, na bakin koguna inda ruwan daɗi yake haɗuwa da na gishiri. Su biyun duk 'yan rukunin *Decapoda* ne, masu ƙafa goma, tare da ƙaguwa. Daga nan hanya ta rabu. Ya miƙo mini hantsaki ya ce in ƙirga gaɓoɓin bayan na kasuwa. A gaɓa ta biyu, ɓawon gefe ya faɗaɗa ya hau kan ta farko da ta uku, kamar sirdi a bayan doki. A jikin jan kuwa babu sirdi, gaɓoɓin jere suke, kowace ta ɗan rufe ta bayanta kamar jeren kwanon rufi. Sai ƙafafu: jan yana da 'yan awartaki a ƙafafu uku na farko a kowane gefe, na kasuwa a biyu kawai.

Na uku shi ne ya fi burge ni. Ya ɗaga ɓawon gefen kan jan da hantsaki, ya yanko ɗan guntun abin da yake numfashi da shi, ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Na kanga ido, sai ga itace: gindi, rassa, kowane reshe da nasa ƙananan rassan, kamar tsamiya da rani. Daga nan sunan babban gidansu ya fito, *Dendrobranchiata*, wato masu gaɓar numfashi mai rassa. Na ɗan kasuwa kuwa falle-falle ne, kamar shafukan littafi. Ya ce bambancin ya kai har ga haihuwa. Macen irin na kasuwa tana riƙe ƙwanta a manne da ƙafafun iyo na ƙarƙashin cikinta har su ƙyanƙyashe, yadda ƙaguwa take yi. Ita kuwa jar ba ta goyo. Namiji yana manna mata ƙunshin maniyyi a wani gurbi tsakanin ƙafafunta na baya, in lokaci ya yi ta saki ƙwai a cikin ruwa, shi ke nan ta gama nata. Abin da yake fitowa daga ƙwan ɗan mitsitsi ne mai ido ɗaya, bai yi kama da uwarsa ba ko kaɗan, sai ya yi ta saɓa yana sauya siffa. A irin nasu na Bahar Rum an sami waɗannan 'ya'ya a can saman ruwa, alhali iyayen suna ƙasa cikin duhu. Saboda haka, in ji shi, a lissafin dangantaka kurafish ɗin miyarmu ya fi kusa da ƙaguwa a kan wannan jan da yake kama da shi. "Kama da wane ba ta wane, Malam." Shekara goma sha ɗaya ina faɗa wa yaran mutane rabin magana.

Ya koya mini rabe mace da namiji ba tare da na juya su ba. Akwai wani tsini a goshi mai haƙora uku a gindinsa. Na mace dogo ne kamar mashi, na namijin da ya balaga gajere. Na gwada a kan guda shida na ci biyar.

Na koma kan tambayata ta farko, ta launi. Me zai sa dabba ta yi wannan ja a inda manyan kifaye suke farauta? Ya kashe fitilar ɗakin, ya rufe tocilan wayarsa da wata shuɗiyar leda ya haska farantin. Jan ya koma baƙi ƙirin, da ƙyar na rabe shi da inuwarsa. Ya ce ruwa yana shanye jan haske tun a mitoci kaɗan na sama, shuɗi ne kawai yake nisa, shi ma daga mita 200 ya zama kamar bayan magariba, wajen mita 1,000 kuwa babu sauran hasken rana. A can, sa jan kaya daidai yake da sa baƙi cikin dare. Ga sanyi kamar cikin firiji, ga nauyin ruwa: kowane mita 10 yana ƙara kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu sau ɗaya, a mita 600 ya zama sau sittin, wato kusan ninki talatin na iskar da mai faci yake dura wa tayar mota. A cikin wannan hali yake yawo a kan laka yana tsintar tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi da 'yan'uwansa ƙanana, in ya so ya tashi ya yi iyo da dogayen ƙafafun cikinsa.

Da daddare na nuna wa Kawu hotunan a waya. Ya gyara tabarau ya ce, "Wannan ai fara ce ta ruwa." Na ce bai yi nisa da gaskiya ba, don fara da kunama da gizo-gizo da wannan duk babban rukuni ɗaya ne na masu ɓawo da gaɓoɓi. Ya tambaya ko ana ci. Wani almajirin malami da ke zaune ya amsa kafin ni, ya ce a mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne. Kawu ya ce halal ɗin dai ya ji, amma shi da tuwon dawarsa.

Abokina ya ba ni biyu, mace da namiji, a babbar kwalba cike da itanol, sinadarin barasa mai hana ruɓewa, ya naɗe murfin da salatif, ya haɗa mini da takardar da ke bayyana cewa kayan koyarwa ne. Ya gargaɗe ni cewa launin ba zai zauna ba. Na ji, amma ban ɗauka da zafi ba. Kawu ya cika alkawarin goro, ya kuma hana ni biyan kuɗin mota, ya ce in na sake ciro walat zai kira Inna.

Kwalbar a kan cinyata ta yi tafiyar, naɗe cikin rigar sanyi. Wani shinge bayan Okene, wajen ƙarfe tara na dare, wani jami'i ya haska ni ya ce mene ne na rungume haka. Na buɗe. Ya ja da baya, sannan ya matso ya sansana murfin, ya ce in sauko. Da farko ya ce barasa ce nake safara. Na miƙa takarda, ya juya ta sama da ƙasa. Ya sake haska kwalbar, idanun macen suka ƙyalla, sai ya sauya zargi ya ce kayan tsafi ne. Fasinjoji suka fara guna-guni, direba yana ta danna ham. Sai wani babbansu ya fito daga rumfa, da jin Hausarsa mutumin wajen Bauchi ne. Ya karanta takardar tsaf ya ce, "Malam, kai malamin makaranta ne? To gaya mini, wannan kunamar ruwa ce?" Nan a bakin titi, da hasken tocila, na ƙirga masa ƙafafu goma, na nuna masa tsinin goshin mace da na namiji. Ya kira yaransa biyu su ma su gani. Ya ɗauki hoto ya ce zai nuna wa 'yarsa da ke aji biyar, ya ce mu tafi Allah ya tsare. Minti arba'in muka ɓata, wata mata a motar ba ta sake yi mini magana ba har Kaduna.

Mun shigo Zariya da hantsi, ƙura ta rufe gari, leɓena ya fara tsagewa tun daga Maraban Jos. Na wuce cikin gari na kai wa Inna goronta. Ta sa aka ajiye kwalbar a tsakar gida, ta zagaya ta sau ɗaya daga nesa ta ce kada in kuskura in shigar mata da ita ɗaki. Ƙananan yaran gidan kuwa har maƙwabta suka kirawo.

Kafin a koma makaranta mako biyu suka wuce. Kullum in na duba kwalbar sai in ga ruwan yana ƙara zama kalar lemo, su kuma suna koɗewa. Ranar da na ɗora ta a kan tebur a gaban 'yan aji huɗu, abin da ke ciki fari ne fatau, kamar tsohon ƙashi. Na zuba jiƙaƙƙen kurafish a gefe, na raba su rukuni-rukuni su nemo mini sirdin gaɓa ta biyu, suka kuwa samo. Da na ce musu wannan babban ja wur yake a gidansa, wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wannan ɗin?" Na ciro waya na nuna hoton. Ta duba hoton, ta duba kwalbar, ta ce ita dai a ganinta na cikin hoton dafaffe ne.